Waƙar Haya da Tsohon Kaset

A watan Satumba na 2025 kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin ya cika wani alkawari da ya ɗauka tun watan Fabrairu na 2021, wato ya fara bai wa masu biyan kuɗin wata, a ƙasashe fiye da 50, sautin waƙa cikakke wanda ba a rage masa kome ba. Jaridun Turai da Amurka sun yi ta tsokaci a kai, wasu suna yabo, wasu suna cewa an makara, tun da Apple Music ya riga ya yi hakan a watan Yuni na 2021 ba tare da ƙarin ko anini ba, Deezer na Faransa da Tidal kuwa sun daɗe suna tallar kansu da wannan haja. A cikin wancan wata na Fabrairun 2021 ne kuma Spotify ya ba da sanarwar buɗe ƙofarsa ga ƙasashe fiye da 80, cikinsu har da Nijar da Nijeriya. Ta nan maganar ta iso gida. Malamin da ke son ɗalibansa su ji yadda makaɗin fada yake jera kirari, da ƙungiyar raya al'adu da ke da ƴan jikkoki a asusunta a Maraɗi ko Tawa, suna da haƙƙin su tambaya: mene ne ainihin abin da ake saye da wannan kuɗi?

Amsar tana farawa da ɗan lissafi. Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a cikin kowane sakan, ta kunnen dama da ta hagu, abin da yake bayar da kilobit 1,411 a sakan, wato kimanin mega 10 a minti ɗaya. Wannan nauyi ya fi ƙarfin layukan intanet na shekarun 1990. Sai masana na cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka fito da tsarin MP3, wanda aka gina shi a kan wani rauni na kunnen ɗan Adam: babban sauti yana danne ƙarami da ke kusa da shi, kamar yadda ba a jin raɗa a bakin injin niƙa. Abin da ake zaton kunne ba zai ji ba sai a zubar da shi. Da wannan dabara waƙa ta ragu zuwa kilobit 128, kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na nauyinta na asali, ta shiga waya, ta shiga aljihu. Abin da kamfanoni suke kira sauti cikakke a yau shi ne komawa ga awon CD ko abin da ya fi shi, ba tare da zubar da kome ba.

Farashin da ake bugawa a allo shi ne mafi sauƙin fahimta a cikin kuɗin da mai sauraro zai kashe. A Amurka, Spotify ya tsaya a kan dala 9.99 a wata daga 2011 har zuwa Yulin 2023, sannan ya koma 10.99, a 2024 ya kai 11.99 (dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Damagaram ba). A Faransa, Deezer ya kai yuro 11.99 a 2023. Tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wannan ya kama sefa 7,865, kusan jikka takwas, alhali mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka a Nijar a farkon 2024 jikka 42 ne. Kamfanonin sun san da haka, shi ya sa suke sassauta farashi a Afirka. Spotify ya shiga Nijeriya a 2021 da naira 900 a wata. Sai dai ko farashin ya sauka, akwai shingen biya, domin mafi yawan waɗannan dandali sun fi sabawa da katin banki, mutanen ƙasar nan kuwa sun fi sabawa da tura kuɗi ta waya ko miƙa su hannu da hannu.

Kuɗi na biyu ba ya shiga aljihun kamfanin waƙa, yana shiga na kamfanin waya, kuma shi ne tallace-tallace ba sa ambata. Apple da kansa ya bayyana cewa waƙar minti 3 tana cin mega 6 a matakin kilobit 256, tana cin mega 36 a mataki cikakke, tana kuma cin mega 145 a mataki mafi girma. Wannan awo an yi shi ne da waƙar rediyon Turai, mai gajeren zango. Waƙar fada ko ta noma ko ta dambe ba ta san minti uku ba. Sau da yawa takan cinye gefen kaset guda, minti 30 cur. A mataki cikakke wannan gefe ɗaya mega 360 ne. Wanda yake sauraron awa ɗaya kullum zai ƙone fiye da jiga 21 a wata, alhali a matakin kilobit 96, wanda Spotify yake kira na yau da kullum, jiga 1.3 ya ishe shi. A gidan da intanet yake shigowa ta igiya, ana biyan kuɗi ɗaya ko an sha da yawa ko kaɗan, wannan bambanci ba ya damun kowa. A inda ake sayen mega kamar yadda ake sayen gawayi, ƙulli-ƙulli, shi ne dukan maganar.

Kuɗi na uku shi ne na abin da zai isar da sautin ga kunne. Lasifikar waya, wadda faɗinta bai kai na ƙwayar gujiya ba, ba ta da ikon fitar da gurnanin tambari ko na ganga. Ƙasan sautin yana ɓacewa ko da wane mataki aka biya. Ƙaramar lasifikar Bluetooth da ta cika kasuwanni ita ma tana sake matse sauti kafin ya iso ta, har Apple ya amsa da bakinsa a 2021 cewa na'urorinsa na kunne marasa igiya ba sa ɗaukar sauti cikakke. Mai son ya ji abin da ya biya sai ya nemi na'urar kunne mai igiya, mai kyau, ya kuma samu ɗaki marar hayaniya.

Ko ya samu duk wannan, kunne yana da iyaka. A 2007 wasu masu bincike biyu na birnin Boston, Brad Meyer da David Moran, suka gwada masu sauraro da sauti mai awon da ya fi na CD, suna sauya shi da na awon CD ba tare da sanin mai ji ba. A cikin gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da abin da canki-canka zai bayar. Wani nazari da Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary ta Landan ya yi a 2016, inda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya samu ɗan bambanci ƙanƙane, wanda ya fi bayyana ga waɗanda aka horar da kunnensu. Mataki mafi girma da ake talla, mai cin mega 145, kayan ado ne ga mafi yawan mutane.

Wannan ba ya nufin cewa ingancin sauti maganar banza ce, kuma kiɗan Hausa yana cikin waɗanda matsewa ta fi cutarwa. Tsarin MP3 da ƴan uwansa suna shan wuya da sauti mai kaifi, mai zuwa farat ɗaya. Sukan shafa shi, har wani ɗan amo ya riga bugun fitowa. Masu gwada waɗannan tsare-tsare sun daɗe da sanin haka, shi ya sa sukan jarraba su da ƴan katakon nan da masu rawar Sifen suke kaɗawa a hannu. To, kiɗan ƙwarya na amada irin na Barmani Choge, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da caki, da shantu, da bakin makaɗi a kan fatar kalangu, duk irin wannan sauti ne. A kilobit 64 ƙwarya takan koma kamar ana taka busasshen ganye, ƴan amshi su cure wuri ɗaya har a kasa rabe muryoyinsu. A 256 ko 320 kuwa da wuya a samu mai kunnen da zai yi ƙorafi. Ramin da ya kamata a tsallake yana tsakanin 64 da 256, kuma tsallake shi ba ya bukatar sabon mataki mai tsada.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Duk muhawarar da ake yi a Turai ta ɗauka cewa a can baya akwai uwar faifai mai tsabta, tana ajiye a ɗakin kamfani, abin da ya rage kawai shi ne a zaɓi faɗin bututun da za ta bi zuwa kunne. Ga mawaƙin da ya yi aiki a babban ɗakin ɗaukar sauti na Paris ko Landan, haka abin yake. Ga Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Ɗan Gurmu na Tawa, ko Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram, hanyar da waƙa ta biyo kafin ta iso waya wata ce dabam. Akasari an ɗauke ta ne da makirfo ɗaya, a gidan rediyo ko a filin biki. Daga zaren farko aka juya ta a kaset, daga kaset mai shago ya juya a wani, shi ma wani ya juya daga nasa, kowane juyi yana ƙara shuuu yana cin kaifin murya. Idan batir ya yi sanyi a lokacin juyi, waƙar takan fito da gudu fiye da yadda aka rera ta, muryar dattijo ta siranta, kalangu ya hau sama. A shekarun 2000 wani yaro mai kwamfuta ya jona rakoda da igiya ya mayar da ita MP3 a ƙaramin mataki, domin ɗaruruwan waƙoƙi su shiga katin waya guda. Wani ya manna mata hoto ya ɗora a YouTube, inda aka sake matse ta. Wani kuma ya sauke daga can ya miƙa wa dillalin da ke kai waƙoƙi ga manyan dandali. Abin da ya rage bayan wannan doguwar tafiya shi ne ake zubawa a mazubi cikakke, a sa masa alamar inganci. Ruwan tabki ne a butar azurfa. Mai biya yana sayen shuuu ɗin kaset na biyar da dukan amincinsa, a kan mega 12 kowane minti.

Ga malamin makaranta akwai wata asara da ta fi ta sauti. Tsofaffin fayafayan da kamfanin Ocora na Faransa ya buga daga abin da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a Nijar a shekarun 1960 sun zo da takardar bayani a kan kayan kiɗa da wuri da irin taron da ake yin kiɗan. Dandalin haya ba shi da gurbin wannan. Yana da layi ɗaya na sunan mawaƙi da layi ɗaya na sunan waƙa, kuma ko su ɗin ba su tsira ba. Sunan mutum ɗaya yakan fito da rubutun Faransanci a nan, da na Ingilishi a can, da na Hausa marar ƙugiya a wani wurin, har mai nema ya zaci mutum uku ne. Ba shekara, ba gari, ba sunan ƴan amshi ko na mai kalangu, ba a ma faɗin wane sarki ko wane manomi ake wa waƙar, alhali rabin ma'anar waƙar yabo yana cikin sanin wanda ake yabo da wanda ake yi wa zambo. Ɗalibin da aka aika ya yi nazari da irin wannan zai dawo da sauti ba tarihi.

Adalci ya sa a faɗi cewa ƙaramin MP3 ya yi wa waƙar Sahel aikin da babu kamfanin da ya yi mata. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a buga kundin a kasuwa ba a lokacin. Waƙoƙin sun bi katin waya da Bluetooth daga hannu zuwa hannu har arewacin Mali, inda Ba'amurken nan Christopher Kirkley ya tsince su, ya sa ɗaya a cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Rashin ingancin sauti bai hana kowa gane gwani ba. Kundin da ya fitar a 2021, Afrique Victime, wanda kamfanin Matador na Amurka ya buga, an ɗauke shi da kayan aiki na sosai, kuma irinsa ne mataki cikakke yake da abin da zai nuna. Haka ma ayyukan samarin mawaƙa na Yamai da Kano da suke ɗauka kai tsaye a kwamfuta. Ga wanda abin saurarensa ke nan, kuɗin wata ciniki ne mai kyau: kuɗin da bai kai na faifan CD ɗaya a Turai ba yana buɗe masa waƙoƙi fiye da miliyan 100.

Ina kuɗin yake tafiya? Spotify yana cewa kusan kashi biyu cikin uku na abin da yake samu daga waƙa yana komawa ga masu haƙƙi, amma ba a ware kuɗin kowane mai biya a bai wa wanda ya saurara. Ana tara su ne a asusu ɗaya, a raba bisa yawan sauraron da kowa ya samu. Malamin da ya biya wata guda bai ji kome ba sai gurmi da molo, mafi yawan kuɗinsa zai tafi ga taurarin da samari suke maimaitawa dare da rana. Tun watan Afrilu na 2024 kuma kamfanin ya sa ƙa'ida cewa waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 a cikin wata 12 ba, ba ta da rabo. Tsohuwar waƙar fada ta minti 30 tana samun ƙirge ɗaya, daidai da waƙar minti biyu. Ɗan abin da ya samu ma, yana zuwa ne ga wanda ya ɗora ta, wanda ba lalle ba ne ya san magada, balle ya bi ta ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA.

Sannan haya haya ce, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Ranar da aka daina biya, duk abin da aka sauke a waya yana rufewa. Ko ana biya, waƙa tana iya ɓacewa ba sallama. Mawaƙin Kanada Neil Young ya janye ayyukansa daga Spotify a Janairun 2022, bai mayar ba sai Maris na 2024. A ƙarshen 2024 kamfanin Sony ya janye nasa daga Boomplay, dandalin da aka buɗe a Nijeriya a 2015 wanda yake zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Ƙungiyar da ta ce ai waƙoƙin garinsu suna intanet, ta ajiye dukiyarta ne a rumbun da ba ita ke riƙe da makullinsa ba.

Inda kalmar nan ta sauti cikakke take da amfani na gaske ga ƙasar nan shi ne a ɗaya bakin bututun, wurin da ake kwashe waƙa daga zare. Ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya, IASA, tana ba da shawarar a kwashe a tsarin WAV, da awon da bai gaza 48,000 a sakan ba, da zurfin bit 24, ba tare da matsewa ba. Kaset na minti 60 a wannan awo yana cin kimanin jiga ɗaya, saboda haka ma'ajiyar kwamfuta mai jiga 1,000 za ta ɗauki kaset kusan dubu. Daga wannan uwa ana iya fitar da ƙananan MP3 domin aji da waya sau nawa aka ga dama. Daga MP3 kuwa ba a komawa uwa. A 2019 IASA da UNESCO suka yi shelar gargaɗi cewa zaren maganaɗisu yana lalacewa, kuma injinan da ke karanta shi da kayan gyaransu suna ƙarewa a duniya. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ba sa yi wa zare sauƙi. Cibiyoyi irin su CELHTO da IRSH da gidan rediyon Muryar Sahel da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai suna da nasu ma'ajiyoyi, amma kaset ɗin da aka ɗauka a bikin naɗin wani hakimi ko a filin kokowa sau da yawa ba ya can. Yana cikin akwatin tsohon direba, ko a bayan shagon wanda ya bar sayar da kaset ya koma tura waƙa a kati.

Labarin Malam Maman Barka ya nuna abin da ɗauka mai kyau take yi. A 2002 ya tafi gaɓar tafkin Chadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a hannun Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwaninsa na ƙarshe. Barka ya rasu a 2018, amma kundin da aka buga masa a Ingila a 2009 yana nan da tsabtarsa, ana jin kowace tsirkiya dabam, domin an kashe kuɗin a ranar ɗauka.

Ƙungiyar da ke da jikka ɗari a hannu tana iya biyan hayar shekara ta ƴan mambobinta, tana kuma iya neman rakoda mai lafiya, da ƙaramar na'urar da ke haɗa ta da kwamfuta, da ma'ajiya biyu, ɗaya a ofis ɗaya a wani gida dabam. Aikin ba ya gaggautuwa, domin kaset na awa ɗaya awa ɗaya yake ci. Ana fara wa da kaset masu dogon zango, na minti 90 da 120, saboda zarensu ya fi siranta kuma shi ke fara tsinkewa, a kuma nemi kwafin da ya fi kusa da na asali kafin a taɓa sauran. Kowane kaset yana bukatar takardarsa: wa ya rera, su wa suka yi amshi, wa aka yi wa, a wane gari, a zamanin wane sarki, daga hannun wa aka karɓo. Wannan sashe ɗaliban sakandare suna iya yinsa a hutun damina, da littafi da biro, a zauren mai kaset ɗin, yana saurare yana faɗa musu sunayen da suke wucewa a cikin waƙar.